Ranar da Alhaji Za-a-duba Ya Yi Ido Biyu da Kansa

Abubuwa da yawa sun same ni a aikin koyarwa waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in gano su. Amma akwai wata rana a ƙarshen damina, a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye tsakanin Kurfi da Tamawa, wadda ina jin ko tsufa ya kwashe mini komai ita za ta rage. Har yau in ta faɗo mini a rai ina cikin jama'a sai na toshe baki, don kada a ce malamin nan ya fara taɓuwa.

A lokacin ni ne malamin zane da wasan kwaikwayo na makarantar. Sunan da daɗin faɗi, amma mu malaman fasaha na yankin akasarinmu 'yan wucin gadi ne, kuma ba a ba mu kayan aiki ko na tsinke. Fentinmu jar ƙasa ce da gawayi da bula irin ta wanki. Takardar zanenmu buhun siminti ne da nake roƙowa wajen magina. In malamin lissafi bai zo ba, a tura ni ajinsa in tsare yara. In za a yi baƙi, a neme ni ruwa a jallo in rubuta "Barka da zuwa" a jikin bango, baƙi na juya baya a manta akwai ni. Duk da haka ina son aikin. Na sha ganin yarinyar da ba ta iya ɗaga kai a aji, amma in aka ba ta rawar tsohuwa mai faɗa a wasa, sai ka ji muryarta har bakin titi.

Wata rana shugaban makarantarmu ya dawo daga taro a Dutsin-Ma da labari mai fuska biyu. Gwamnati ta fito da shirin tallafa wa malaman fasaha na karkara, za a ba su kayan aiki a kuma tabbatar da su. Amma inda aka ga darasin ba ya tsinana komai, za a soke shi a sallami malamin. Wani babban jami'i zai zo daga Katsina ya gane wa idonsa, kuma makarantarmu aka zaɓa malaman Kurfi da Dutsin-Ma su haɗu su nuna abin da suka iya, saboda muna da inuwar bedi, wato darbejiya, mai faɗi. Ni kuwa a watan nan matata ta haifi tagwaye. Kafin koyarwa kabu-kabu nake yi, kuma tsohon babur ɗina yana nan jingine a zaure, wanda ba ya tashi sai an tura shi gangare. Daga ranar, duk shiga da fita sai in ga kamar kallona yake yi.

Mu uku muka fi ɗaukar abin da zafi. Akwai malamin kiɗa da waƙa daga Dutsin-Ma, ƙaton mutum mai tumbi da murya kamar ganga, wanda in ya hau dandamali ba ya ji ba ya gani. Sai wata Hajiya daga Karofi mai koyar da saƙa da rini, ta kusa ritaya, ba ta tsoron kowa sai Allah. A zauren gidanta muka zauna muna tunanin abin da za mu nuna, ita ce kuma ta kawo shawarar.

"Mi za mu tsaya nema?" in ji ta. "Mu nuna mashi yadda suke yi in sun zo. Ai mun ga irinsu har mun gaji."

Haka muka tsara wasa a kan wani baƙo daga birni, muka sa masa suna Alhaji Za-a-duba. Yana zuwa a makare, ya ci kaza, ya yi ta amsa waya, ya yi barci ana karanta masa koke, ya farka ya ce za a duba, ya shiga mota. Ba mu ƙirƙiri komai ba, mun dai tattaro halayen duk baƙin da muka taɓa yi muka ɗora wa mutum ɗaya. Malamin kiɗa ne Alhajin, Hajiya ce malama mai kai kuka, ni kuma shugaban makaranta mai rawar jiki.

Ranar da muka gwada wasan a gaban shugabanmu, ya yi dariya har da hawaye, yana bugun cinya. Sai da na shigo ina murza hannuwa, ina cire hula ina mayarwa, ina cewa "Ranka shi daɗe, komi lafiya lau," sannan dariyar ta fara raguwa. Ya dubi hannuwansa, ya tarar murza su yake yi. Ya ajiye su a hankali a kan tebur.

"Wannan wasa," in ji shi, "in dai ina raye, ba a makarantar nan ba. So kuke a kai ni can bakin iyaka in ƙare aikina? Ku yi wasan tsafta. Ba wanda aka taɓa kora a kan wanke hannu."

Mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa, kuma yanzu da na girma na san yana da hujja. Muka koma muka shirya wasan tsafta da ɗalibai: wata yarinya ta fito a Kwalara, wani dogon ɗalibi ya fito a Sabulu, su yi kokawa Sabulu ya yi nasara. Muka kuma yi wani aiki da na yi alfahari da shi, taswirar jihar Katsina a kan katako, kowace ƙaramar hukuma an liƙa mata irin hatsinta, gero nan, dawa can, wake, masara, riɗi.

Sai aka shiga ɗage rana. A ce baƙo na zuwa, mu share fili, mu jera kujeru, a yanka kaji, rana ta faɗi, a ce an ɗaga. A sake sa rana a sake ɗagawa. Malamai suka yi ƙiba da kajin baƙo. A cikin wannan jira ne wani ya bar tagar ɗakin ajiya a buɗe, kajin maigadi suka shiga suka yi wa taswirar aiki. Da na leƙa da safe na tarar sun cinye Daura kaf, sun yi wa Funtua rabi, wani zakara yana tsaye a kan Kurfi yana ƙarasa ta. Na kore shi, ya tsaya a bakin taga yana kallona kamar ni na shigo masa gida.

Ranar da baƙon ya zo da gaske kuwa, ba wanda ya shirya. Da hantsi aka bugo wa shugabanmu waya cewa yana hanya. Lokacin roron wake ne, ga shi ranar kasuwa, rabin makarantar ba ta zo ba. Na zaga aji-aji ina neman 'yan wasana. Aka ce mini Sabulu yana gona. Na tambayi Kwalara, aka ce ta raka babarta kasuwa sayar da awaki. Shugabanmu ya biyo ni da gudu yana haki.

"Malam, ina Kwalara?"

"Ranka shi daɗe, tana kasuwa."

"Innalillahi! A je a ɗauko ta, yau in ba Kwalara mun mutu!"

Wani dattijo da ya zo wucewa da jakinsa ya ji wannan magana, ya tsaya ya dube mu, ya kaɗa jakinsa da sauri.

An tura babur kasuwa ba a same ta ba. Malaman da suka samu labari suka iso ɗaya-ɗaya, ciki har da Hajiya da zannuwanta na rini, da malamin kiɗa cikin farar babbar riga ta shadda da hula zanna da tabarau. Rigar surukinsa ce, ita muka yi gwajin wasa da ita, ita ce kuma kaɗai kayan fita kunyar da yake iya samu. Mutanen gari suka taru a ƙarƙashin bedi, mai unguwa da liman a gaba, mata daga baya, 'yan kabu-kabu a kan baburansu.

Bayan azahar mota ta tsaya, baƙo ya fito. Farar shadda, hula zanna, tabarau, tumbi, waya a kowane hannu. In ka tsayar da shi kusa da malamin kiɗa, sai ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya. Hajiya ta taɓo ni da gwiwar hannu ta ce a hankali, "Ga ɗan wasanmu nan ya iso." Ban yi dariya ba. Tagwayena nake tunani.

Abin da ya biyo baya kamar ya karanta wasanmu a mota. Aka kai shi gaban taswira, ya dube ta ya tambaya ko zaizayar ƙasa muke nunawa, shugabanmu ya yi wuf ya ce ƙwarai kuwa. Aka zaunar da shi aka kawo kaza da fura, ya ci ya suɗe yatsu. Wayarsa ta yi ƙara, ya ce yana cikin muhimmin taro. Shugabanmu ya miƙe yana murza hannu ya faɗi kaɗan daga matsalolinmu, ya rufe da cewa amma komi lafiya lau. Baƙo ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla. Za a duba." Sannan ya dubi agogo ya ce an gaya masa akwai wasan kwaikwayo, a yi sauri don yana son komawa Katsina kafin magariba.

Muka kewaya bayan aji mu huɗu. Shugabanmu ya ce a ce masa yara ba su da lafiya. Hajiya ta ce, "Mutum ya zo ganin ko muna da amfani, mu ce mashi ba mu da abin nunawa? Ai gara mu tattara kayanmu tun yanzu. In korar ce, a kore ni ina tsaye." Malamin kiɗa tuni ya fara gyara hula, wato wasan Alhaji Za-a-duba za mu yi. Shugabanmu ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya ce, "Ni dai ban sani ba, ban ji ba, ina ban-ɗaki." Ya tafi ya shige, amma da ya ga ba zai iya barin baƙo shi kaɗai ba, ya dawo ya zauna kusa da shi kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Ni kuma na roƙi malamin kiɗa don girman Allah ya tsallake wajen barcin. Ya ce in kwantar da hankalina.

Barandar aji ce dandamalinmu. Malamin kiɗa yana fitowa, yana tafiyar ƙasaita da waya a kowane hannu, na ji wani guntun sauti ya ratsa taron, irin na mutanen da ke danne dariya. Ya zauna, na kawo masa ƙashin kazar da baƙo ya rage, ya gwaigwaye shi ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga waya ya ce yana cikin muhimmin taro. Kawunan jama'a suka riƙa juyawa, su dubi baranda su dubi kujerar baƙo. Liman ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta fito ta fara jero kukanmu, fentin gawayi da buhun siminti da sauransu. Ni da na roƙa a tsallake barci, sai na ga malamin kiɗa ya kwantar da kai baya, ya wangale baki, ya saki wani minshari da ya tashi tantabaru daga kan rufin kwano.

Na saci kallon baƙo don in ga yadda ransa ya ɓaci. Ashe bai ma san ana yi ba. Fura ta yi aikinta, haɓarsa na kan ƙirji, shi ma barci yake yi. Alhaji biyu, riga iri ɗaya, suna barci suna fuskantar juna. Wata tsohuwa daga baya ta kasa daurewa ta ce da ƙarfi, "La ilaha, wanne ne na gaskiyar?" Shi ke nan taro ya fashe. Wani ɗan kabu-kabu ya faɗo daga kan babur ɗinsa don dariya.

Hayaniyar ce ta tashe shi. Ya buɗe ido daidai lokacin da malamin kiɗa ya ja minsharinsa na ƙarshe baki a wangale, ya yi miƙa, ya goge baki, ya dubi agogo ya ce, "To, madalla. Za a duba." Baƙo ya dubi rigar malamin, ya dubi tasa. Ya dubi jama'a, kowa ya sunkuyar da kai. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu.

"Dakata!"

Shugabanmu ya cire hula ya rungume ta a ƙirji. Baƙo ya tako a hankali har ya hau baranda, ya tsaya a kan malamin kiɗa, wanda a karon farko a rayuwarsa murya ta ɗauke masa. Ni kuwa ina tsaye da farantin ƙashin kaza, ina lissafin inda zan samu mai gyaran babur.

"Malam," in ji baƙo, "wa ya koya maka wannan barci?"

"Ranka shi daɗe, wasa ne kawai..."

"Na san wasa ne, shi ya sa nake tambaya. Ka taɓa ganin babban ma'aikaci ya buɗe baki yana minshari a taro? Wannan ai barcin ɗan dako ne. Yau ma furarku ce ta ci amanata. Tashi ka ga yadda ake yi."

Ya zauna a kujerar, ya gyara tabarau ya sauko da shi kan karan hanci, ya riƙe biro a hannun dama, ya tallafe haɓa da na hagu kamar mai zurfin tunani. Ya ce wa Hajiya ta ci gaba da kokenta. Tana magana ya lumshe ido a bayan tabarau, can sai ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Haka ne, haka ne," biron na ɗan motsi a kan cinyarsa. Wallahi in ba ka sani ba sai ka ce duk duniya ba wanda ya kai shi sauraro. Jama'a suka kwashe da wata dariya da ta fi ta farko. Shugabanmu ya ga kowa na yi, shi ma ya fara, yana yi yana duban fuskar baƙo ko za a canza shawara.

Mutumin nan bai tsaya nan ba. Ya ce ita kanta kalmar "za a duba" ba a faɗinta haka kawai, iri-iri ce. Ya dubi agogo ya faɗe ta da sauri, ya ce wannan ma'anarta ku manta. Ya sake faɗinta yana nuna sama da yatsa, ya ce wannan ma'anarta ba ni da iko, na sama da ni ne. Ana cikin tafi Hajiya ta gyara mayafi ta matso.

"Yallaɓai, to wadda ka faɗa mana ɗazu, wacce ce a ciki?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya dube ta, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Ta farko ce, Hajiya." Ya cire tabarau ya goge. "Da niyyata ke nan. Tun a mota na gama yanke abin da zan ce."

Bayan an yi la'asar bai tafi ba. Ya zauna da mu malamai a kan benci, ya ba mu labarin cewa a Dutsin-Ma ya yi sakandare, kuma yana yaro in'ina gare shi, ko sunansa ba ya iya faɗi a aji. Wani malamin wasan kwaikwayo ne ya ja shi a jiki, ya yi ta ba shi rawar sarkin fawa da ta boka har bakinsa ya buɗe. Ya ce rabonsa da hawa dandamali tun lokacin, kuma bai taɓa komawa ya gaida malamin ba har ya ji labarin rasuwarsa. Ya faɗa mana gaskiya cewa ba shi ke riƙe da asusu ba, nasa ya je ya faɗi abin da ya gani. Amma akwai taron manya da za a yi a Katsina, zai nema mana wuri mu yi wasan nan a gabansu yadda yake, kada mu rage komai.

"Abu ɗaya kawai," in ji shi yana shiga mota. "A canza hular nan. A samo dara ja, irin ta ogana."

Mun je Katsina, mun yi wasan da jar dara, malamin kiɗa ya yi sabon barcin da aka koya masa. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk manyan da ke zaune sun yi dariya, kuma kowanne yana nuna na kusa da shi. Shi mai jar darar ma ya fi kowa tafi. Ba zan ce komai ya gyaru ba. Amma ba a soke darasinmu ba, ba a sallami kowa ba, daga baya aka tabbatar da wasunmu ciki har da ni. Aka kawo fenti na gaske da takardu da ganguna biyu da kalangu, wanda malamin kiɗa ya rungume kamar jariri. Hajiya ta yi ritaya kafin kayan rininta su iso, ta ce a ba wadda ta gaje ta. Shugabanmu kuwa ya riƙa gaya wa duk wanda ya zo cewa shi ya ba mu shawarar wasan, mu kuma ba mu taɓa ƙaryata shi ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Shekaru muka yi muna kai kuka da ladabi, muna durƙusawa, ba wanda ya ji. Ranar da muka tsaya muka yi sana'armu tsakani da Allah, da ita muka faɗi gaskiya, ranar aka saurare mu. Na kuma san sa'a muka taka da Allah ya haɗa mu da mutumin da wani malami irinmu ya taɓa buɗe wa baki, kuma bai kamata abincin malami ya rataya a kan sa'a ba. Akwai 'yan'uwanmu a wasu ƙauyuka da baƙonsu bai farka ba. Abin da na koya, wanda nake gaya wa ƙananan malamai yanzu, shi ne kada tsoro ya sa ka ɓoye aikinka mafi kyau ka fito da wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba. In za a yanke maka hukunci, a yanke shi a kan abin da ka iya da gaske.